Dashen haƙori a Saudiyya: na siramik ko na taitaniyom, wanne ya dace da kai?

Duk wanda ya taɓa shiga mustausaf, wato ƙaramin asibiti, na haƙori a Jidda ko Makka da giɓi a baki yasan yadda zancen yake tafiya. Duktur zai leƙa, a ɗauki hoto, yace maka zira'a ce mafita wato dashe, daga nan a miƙo maka takarda da farashi kala-kala, ga na Koriya ga na Suwizalan ga na Jamus, yanzu kuma wasu wuraren sun ƙara wani layi a can ƙasa wai na siramik, fari tas babu ƙarfe ko ɗigo. Mutanenmu kuma da sunji an ce babu ƙarfe shikenan hankali ya koma can. Ni dai bari in faɗi nawa tun yanzu kafin in kawo dalili: ga mafi yawanmu masu zama da iƙama, yau kana nan gobe kana gida, taitaniyom na sanannen kamfani yafi kwanciyar hankali. Siramik ɗin ba damfara bane, abu ne mai kyau, amma yanada mutanensa kuma ba kowa bane.

Da farko ma sai ka tabbatar me ake sayar maka, don anan ake yiwa mutane da yawa rufa-rufa ba tare da an musu ƙarya ba. Haƙorin dashe gida uku ne. Akwai kusar da ake ɗaurawa cikin ƙashin muƙamuƙi, ita ce a madadin saiwa, akwai ɗan mahaɗin da yake fitowa ta cikin dasashi, sannan akwai tarkiba, hular da take sama wadda kowa yake gani in kayi dariya. Wannan zirkon ɗin da kake gani a tallan Snapchat da allunan kan titi, kusan ko yaushe tarkibar ake nufi, kusar dake ƙasa taitaniyom ce. Ba laifi bane, hasalima haka akafi yi a duniya, amma kar ka fita kana cewa an saka maka dashen siramik alhali hular ce kawai. Akwai kuma wata kusa ta kamfanin Straumann da suke kira Roxolid, haɗin taitaniyom ne da zirkoniyom kusan kashi 15 cikin 100, wannan ƙarfe ne zalla, launinsa toka-toka. Dashen siramik na gaske shine wanda kusar kanta fara ce, an yita da zirkoniya. Kace a nuna maka kwalin, ba abin kunya bane, kuɗinka zaka biya.

Shi taitaniyom tsoho ne a harkar. Wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shine ya lura tun a shekarun 1950 yana bincike a ƙashin zomo cewa ƙashi yana kama wannan ƙarfen ya manne masa har ya gagara cirewa. A 1965 ya sakawa mutum na farko a Gothenburg, kuma mutumin ya rayu da abinsa a baki shekara 40 har ya rasu a 2006. Daga lokacin zuwa yau miliyoyin mutane aka sakawa, an bibiye su shekara 10, 20, har 30, kuma abin da ake samu a bibiyar shekara 10 shine wajen 95 cikin 100 na kusoshin suna nan daram. Kaga duk wata matsalar da zai iya kawowa an riga an ganta an san maganinta.

Siramik kuma yanada tarihin da masu talla basa son bayarwa. An gwada shi tun shekarun 1960 da 1970, a lokacin da wani nau'i ake yi mai suna alumina, a Jamus ma akwai wanda yayi suna na Tübingen, ƙashi yana kamashi lafiya lau amma karyewa yake, dole aka barshi. Zirkoniyar da ake amfani da ita yanzu daban ce kuma tafi waccan ƙarfi nesa ba kusa ba, ta fara shigowa kasuwar dashe a farkon shekarun 2000 ta hannun ƙananan kamfanoni irinsu Z-Systems, manyan basu shigo ba sai daga baya, Straumann ta fito da PURE Ceramic a 2014, Nobel Biocare ta fito da NobelPearl a 2018. Sakamakon shekarun farko, ɗaya zuwa biyar, yana kusa da na taitaniyom, wannan gaskiya ne. Amma bibiya mai tsawo kaɗan ce, kuma wani abin haushin ma da yawa daga cikin samfuran da akayi binciken farko akansu an daina yinsu, an canza fasali. Wanda yake ɗan shekara 35 yana neman abin da zai kaishi 70, toh wannan bambancin ba ƙarami bane.

Maganar ƙarfi. In kaji ance zirkoniya tafi taitaniyom tauri, eh haka ne, amma tauri daban juriya daban. Taitaniyom in nauyi yayi masa yawa yana ɗan bada kai, yawanci ɗan notin ciki da yake riƙe mahaɗi ne zai kwance ko ya karye, a buɗe a canza a ɗaure, ka tafi gida. Zirkoniya bata lanƙwasa, in ta gaji tsagewa take lokaci ɗaya, kuma in kusa ta karye cikin ƙashi sai an yanko ta da ƙashin dake zagaye da ita, a cike gurbin, a jira watanni a sake daga farko. Ba wai kullum hakan ke faruwa ba, da na zamani ya ragu sosai, amma inda akafi samun karyewar an sani: sirara ne, masu kauri wajen milimita 3.25, da waɗanda likita ya goge su da inji a cikin baki don ya gyara musu tsayuwa. Shi yasa in ƙashinka siriri ne, kamar wanda ya cire haƙori shekara da shekaru ya bar wurin (mu kuwa haka muke, sai abu ya kai maƙura), taitaniyom yafi bada dama don akwai sirara har wajen milimita 3 kuma suna jurewa. Haka mai cizon haƙora cikin barci, da wanda baya iya ganin ƙashin mandi bai tauna ba, da masu fasa goro da aya da turame, ni bazan basu shawarar siramik a haƙoran baya ba sam.

Akwai kuma wani abu da zirkoniya take yi in ta daɗe cikin danshi, samanta yana canzawa a hankali yana rage ƙarfi. Likitocin ƙashi sun ɗanɗana wannan a 2001 lokacin da aka janye wasu kawunan ƙugu na zirkoniya daga kasuwa saboda suna fashewa a jikin mutane, matsalar daga yadda aka gasa su ne a masana'anta. An gyara hanyar yi tun lokacin. Darasin dai shine a siramik sunan kamfani yafi muhimmanci akan a taitaniyom, in ance maka ga siramik mai araha wanda ko sunansa ba'a sani ba, ka gudu.

Yanzu ga inda nake ganin mutane basa samun cikakken bayani, kuma shine zai shafi rayuwarka ta yau da gobe. Dashen siramik da akafi sani kuma akafi bincike akansa guda ɗaya ne dunƙule, kusa da mahaɗi a haɗe suke. Ma'ana ranar da aka saka maka, kan abin yana nan tsaye a cikin bakinka, ba'a rufe shi ƙarƙashin dasashi ba. Shi kuma ƙashi kafin ya kama yana son a barshi shiru, ko motsi kaɗan yana iya ɓata aikin, don haka wata biyu zuwa uku ko fiye zaka yi kana kaffa-kaffa, wani lokacin da wata roba da ake sakawa ta kare wurin, ba tauna ta ɓangaren, harshe ma sai ka dinga tsawata masa. Ka duba aikinka ka gani, in kai direban gida ne ko kana hidimar alhazai a lokacin aikin hajji, abinci a tsaye barci a mota, anya zaka iya wannan lallaɓawar? Na taitaniyom gida biyu ne, a saka kusar a ɗinke dasashi a kanta, kaje kayi harkarka, bayan watanni a buɗe a ɗora mahaɗi. Na muƙamuƙin ƙasa yafi saurin kamawa, na sama ƙashinsa yafi laushi yakan ɗauki lokaci.

Sannan shi dunƙulallen yadda ya shiga haka zai zauna. In ya ɗan karkace babu gyara sai gogewa, gogewa kuma mun faɗi illarta. A taitaniyom akwai mahaɗi masu kwana kala-kala da likita zai miƙe tsayuwar haƙorin dasu. Kuma tarkibar dunƙulallen da gam ake manna ta, in ragowar gam ɗin ya maƙale ƙarƙashin dasashi ba'a gani ba shi kansa yana haddasa kumburi. Yanzu akwai siramik mai gida biyu, NobelPearl misali notinsa ba ƙarfe bane, wata roba ce mai ƙarfi da aka haɗa da zaren kabon, wasu kamfanonin kuma notin taitaniyom ko zinare suke sakawa a ciki, kaga zancen babu ƙarfe ko ɗigo ya ɗan samu tangarɗa kenan. Likitocin dashe na Jamus sun fitar da ƙa'idarsu akan wannan a 2022, kuma abin da suka tsaya akai shine dunƙulallen za'a iya bada shawararsa a madadin taitaniyom, mai gida biyun kuwa hujjarsa bata yi ƙwari ba tukuna, sai an yiwa mara lafiya bayani sosai. Kuma suna cikin waɗanda suka fi amfani dashi fa.

In kuma baki ɗaya za'a yi, irin na iyayenmu da haƙoran suka zube, wanda ake kafa kusa 4 ko 6 a ɗora jeri guda a kansu, wannan filin taitaniyom ne, ba sai mun tsaya ja ba.

Toh ina siramik yake cin nasa? Wajen kyau, kuma nan ɗin ma sai an duba bakin waye. Taitaniyom toka-toka ne, in dasashin mutum siriri ne, bai kai kaurin milimita 2 ba, duhun ƙarfen yana iya nunawa ta ciki, in kuma dasashi ya ja baya bayan shekaru sai kaga wani baƙin layi a gindin haƙori. A haƙorin gaba na sama ga mai dariya har dasashi ya fito, wannan abin damuwa ne, musamman mata. Fara kuwa ko ta leƙo bata da muni. Amma ku tsaya, hotunan nan da ake nuna mana na kafin da bayan duk bakin Turawa ne da dasashi ja-ja siriri. Da yawanmu dasashinmu mai duhu ne, wani ma baƙi-baƙi, halitta ce ba ciwo ba, toh a irin wannan wane duhun ƙarfe ne zai nuna? Ka tsaya gaban madubi ka yi dariyar da ka saba ka gani, in leɓenka yana rufe gindin haƙoran ko dasashinka mai duhu ne, babban dalilin biyan kuɗin siramik ya tafi. Kuma ko dasashinka siriri ne akwai tsaka-tsaki: kusa taitaniyom a cikin ƙashi, mahaɗi da tarkiba zirkoniya, duk abin da ido zai iya kaiwa fari ne. Mu da iyayenmu suke zuwa Makka musamman su sa haƙorin zinare ko na azurfa don a san an sauke farali, yau mune muke tsoron inuwar ƙarfe, Allah mai iko.

Sai maganar da tafi yawo, wai ƙarfe a jiki guba ne, yana kawo ciwon kai da kasala da ciwon gaɓoɓi. Taitaniyom ɗin nan shine ake ɗaure karaya dashi, shine a ƙugu da gwiwa da kwalin batirin zuciya. Baya hana shiga injin MRI don maganaɗisu baya jansa, kuma ba zai maka ƙara a filin jirgi ba. Akwai waɗanda jikinsu baya karɓarsa, gaskiya ne, amma kaɗan ne ƙwarai, wani bincike a Sifen a 2008 da ya duba mutum 1500 ya samu 9 ne kacal. Wanda sarƙa ko agogo ko maɓallin wando yake sa masa ƙaiƙayi yawanci nikel ne yake damunsa, shi kuma taitaniyom ɗin dashe ba da nikel ake haɗashi ba. Duk da haka in an taɓa saka maka ƙarfe jikinka yaƙi, ko dashe ya faɗi ba tare da wani dalili ba, ko likitan fata ya tabbatar maka, to kai kam siramik naka ne, kuma alhamdu lillahi da akwai shi. Haka wanda zuciyarsa kawai bata kwanta da ƙarfe ba, bazan ce masa yayi wauta ba, abu ne da zai kwana dashi ya tashi dashi, in ƙashinsa ya isa kuma yanada hali yayi.

Ana kuma cewa datti baya kama siramik don haka baya kawo ciwon dasashi. Rabin zancen gaskiya ne, a gwaje-gwaje ƙwayoyin cuta basa manne masa kamar yadda suke manne wa taitaniyom, dasashi kuma yana kwanciya a jikinsa da kyau. Amma cewa yana hana ciwon nan da yake cinye ƙashin gefen dashe, wanda yake kama kusan mutum 1 cikin 5 na masu dashe, ba'a tabbatar ba, ana samunsa a duka biyun. Abin da yake kawo shi an sani: rashin wanke baki, tsohon ciwon dasashi da ba'a yi magani ba, sigari da shisha, shamma ko tumbak ga masu sakawa a leɓe, da suga da ba'a riƙe ba. Ciwon suga kuwa kun san yadda yake a ƙasar nan. Duktur ɗin da bai tambayeka gwajin suga na wata uku ba, bai tambayi magungunan da kake sha ba (musamman iyaye mata masu shan maganin ƙarfin ƙashi, wannan yanada haɗari na daban a muƙamuƙi), bai ɗauki hoton nan mai nuna kaurin ƙashi ta kowane ɓangare ba, ya hau yi maka tallan siramik, ka tattara takalmanka. Aswaki yana da kyau amma baya shiga tsakanin dashe da maƙwabcinsa, sai ka haɗa da zare ko ɗan burushin tsakani.

Kuɗi. Siramik yafi tsada ko ina, kayan sunfi tsada kuma masu sakawa kaɗan ne. Ta'amin, wato inshorar lafiya, na kamfani da yawancinmu muke dashi baya biyan dashe sai in hatsari ne ya jawo, don haka daga aljihu ne, ga kuma harajin kashi 15 da ake ɗora wa wanda ba ɗan ƙasa ba a asibitin kuɗi, ka tambaya ko yana cikin farashin da aka faɗa maka. Rangwamen azumi da na 23 ga Satumba, ranar ƙasa ta Saudiyya, yawanci akan na Koriya ne irinsu Osstem da Dentium da Megagen, kuma ba kayan banza bane, suna aiki. Kawai ka tambaya farashin na kusa ne kaɗai ko harda mahaɗi da tarkiba, don anan ake kama mutum, ya shiga Tabby ko Tamara, masu tsarin biya kaɗan-kaɗan, da lissafi ɗaya ya fito da wani.

Amma ni abin da yafi komai nauyi a wurina ba kuɗin bane, komawa gida ne. Zaman ƙasar nan ba tabbas, kafili ya canza ra'ayi, ko kuɗin da ake biya na zaman iyali yayi yawa, ko kawai shekaru sun ja, sai kaga mutum da huruj niha'i, wato bizar fita ba dawowa, a hannu. Dashe kuma ba abu bane da ake sakawa a manta, bayan shekara 5 ko 8 noti zai iya kwancewa, tarkiba zata iya ɓallewa, kuma kowane kamfani da irin sukudirebansa da irin mahaɗinsa, na wannan baya shiga na wancan. Kamar mota ne, mai Corolla ko ina ta tsaya masa zai samu kayanta a Ƙofar Ruwa, mai motar da guda biyar ce a ƙasar sai ya jira jirgi. Likita a Kano ko Kaduna ko Yamai ko Wad Madani zai fi iya nemo kayan Straumann ko Nobel ko Osstem na taitaniyom akan notin kabon na siramik mai gida biyu, a Jidda ma ba kowane asibiti ke ajiye su ba balle can. Wanda aka haifa a Shara Mansur a Makka, iyayensa da kakanninsa duk nan suke ba inda zashi, lissafinsa daban ne, shi zai iya komawa wurin wanda ya saka masa duk lokacin da yaso.

Saboda haka in ƙanwata ce tazo da haƙorin gaba ɗaya da ya karye, ƙashi wadatacce, dasashi siriri mai haske, bata cizon haƙora, zama kuma daram, zance ta nemi istishari ko akhissa'i, wato babban likita ko ƙwararre, wanda ya saba saka siramik, ta tambaye shi kai tsaye guda nawa ya saka kuma ya nuna mata hoton aikinsa bayan shekaru, ba hoton kamfani ba. Hannun da ya saka taitaniyom dubu bai zama lallai ya iya wannan ba, don ita zirkoniya bata son a matsa mata da ƙarfi wajen ɗaurawa kuma bata yafe karkata. Lasisin likita ana iya dubawa a shafin hukumar ƙwararrun lafiya ta Saudiyya, minti biyu ne. In kuma kawuna ne da turame biyu da suka fita tun zamanin Sarki Fahad, ga suga ga goro, taitaniyom zance, bayan an daidaita sugan.

Wani abu da ya shafi duka biyun kuma ba'a cika faɗa ba sai ka tambaya: in za'a ƙara maka ƙashi, garin da ake zubawa sau da yawa daga ƙashin saniya ne, ɗan bangon da ake rufawa a kai kuma wasu sanannun samfuran daga alade ake yinsu. Akwai na saniya akwai na roba, kace wanne za'a saka maka, in kana da shakka ka tambayi malaminka kafin ranar aiki ba bayan an ɗinke ba.

Ko wanne ka zaɓa, kar ka bar asibitin sai an baka katin dashen, wanda aka manna sitikar kwalin a jiki, da sunan kamfani da samfuri da kauri da tsawo da lambar haƙorin da aka saka, ka karɓi hoton da aka ɗauka bayan aiki shima. Ka ɗauke su a waya ka turawa wani naka a WhatsApp, asalin kuma ka ajiye tare da fasfo, don mustausaf yana iya rufewa ko duktur ɗin ya koma Masar ko Siriya, kuma likitan da zai karɓe ka a gida abu na farko da zai tambaya kenan.